Jan da Ba Ya Cikin Gwangwani

Zuwa ga Yaya Mai Fenti,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da mutanen shago. Mu nan da sauƙi. Gwiwata ce take damuna in na daɗe a tsugune, sai barci da ba ya zuwa yadda ya kamata. Ta'aziyyarka ta iso ta hannun direban motar kaya. Na gode, Allah ya bar zumunci. 'Yata ta ce in kira ka a waya, amma na gwada da wasu, magana biyu sai murya ta tsinke. Takarda ba ta jin kuka, shi ya sa na zaɓe ta. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san makarantata ba ta yi nisa ba.

Rabona da kai tun bikina. Amma kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, kuma ba ni da wani wanda ya san fenti sai kai.

Maganar taraktar maigidana ce. Ka san shi ya tuƙa wa ƙungiyar manoma ita tun tana sabuwa, da suka gaji da ita ya saye. Tun bara yake cewa zai yi mata fenti in an gama girbi. Ya sayo buroshi da samfefa, ya goge wuri ɗaya a murfin inji, bai fi faɗin faranti ba, sai ciwon ajali ya kwantar da shi. Yanzu wurin ya yi tsatsa. Kullum na fita ba kaji hatsi sai idona ya sauka a kai, kamar gyambon da aka bari a buɗe.

Mijin 'yata zai fara aiki da ita da ruwan farko. Ina so kafin nan a gama abin da ya fara, da launinta, ba wani ba. Yaya, daga ƙofar gidanmu ana hango inda hanya ta yi kwana a gindin tankin ruwa. Kusan duk tsawon aurenmu, da yamma, launin nan nake fara gani kafin in ji ƙarar inji, sai in tashi in ɗora ruwan wanka. Ko cikin taraktoci goma ina gane ta. Ina so in sake ganin launin ya fito daga kwanar nan. Na san ba shi ne a kai ba, hankalina bai gushe ba. Amma na fara manta muryarsa, kuma ba na so launin ma ya bi ta.

Ja ne, amma ba ja sosai ba. Kamar tsohon bulo. Na kwafo maka lambobin da ke jikin ƙaramin ƙarfen nan na gefen inji, suna bayan takardar.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Na amsa gaisuwa. Duk muna lafiya, sai dai idona da yake ganin duniya kamar ana hura wuta da ɗanyen itace. Tsufa ne. Ki riƙa shafa wa gwiwar man zafi, ki daina tsuguno kamar 'yar shekara ashirin.

Ashe yarinyar da take kuka in an taɓa mata 'yar tsana ita ce yau take ba ni aiki. Rubutunki ya fi nawa, kada ki ƙara ba ni haƙuri a kansa.

Allah ya jiƙan maigidanki Direba. Sau ɗaya ya zo shagon nan neman abin tace mai, ya zauna a kan gwangwanin da ban rufe da kyau ba, ya koma gida da koren wando. Bai yi fushi ba. Cewa ya yi in ƙara masa a ɗaya gefen su yi daidai.

Na duba lambobin a littafin kamfanin. Ga babban gwangwani nan na ba direban motar kaya, jan kamfanin ne na asali, ba haɗin kasuwa ba. Kada ki yi maganar kuɗi. Ki sami mai feshin mota ya goge tsatsa, ya fara sa fentin ƙasa mai ruwan toka, sannan wannan ya hau. Buroshi yana barin zane.

Yayanki,
Mai Fenti

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Man zafin ya yi amfani, na gode. Allah ya ba idonka lafiya. Labarin koren wandon ya sa ni dariya har 'yata ta leƙo ta ga ko lafiya. Ni na wanke wandon nan, bai taɓa gaya mini inda ya samo shi ba.

Gwangwani ya iso. Yaya, ba shi ba ne.

Na shafa kaɗan a jikin guntun kwano, na bari ya bushe, na jingina shi da taya. Wannan ja ne wur kamar an yanka kaza. Na kai shi inuwa, na dawo da shi rana, na ja da baya har bakin ƙofa. Ko kusa. Mijin 'yata ya ce, "Mama, ai wannan ya fi kyau, irinsa ne a jikin sababbi." Na ce masa ni ba sabuwa nake nema ba.

Ko na yi kuskure wajen kwafar lambobin? Na sake dubawa, daidai suke. Ko yaran shagonka sun ɗauko wani? Ba zarginka nake ba.

'Yata ta ɗauki hoto da waya don a turo maka, sai ya fito wani iri, kamar ba ita ba. Don haka na sa wuƙa na ɓanɓaro ɗan ɓawon fenti daga ƙarfen da ke saman tayar dama, na sa a kwalin ashana da auduga. Kusa da wurin ne yake dafa hannu in zai hau. Tafinsa ya cinye fentin wurin har ƙarfe ya yi santsi yana ƙyalli. Ban taɓa nan ba, gefe na ɗauka. Ka duba da kyau ka haɗa mini irinsa.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Kwalin ashana ya zo lafiya. Ba ki yi kuskure ba, babu kuma wanda ya ɗauko wani gwangwani. Bari in yi miki bayani yadda nake yi wa masu zuwa shago.

Kamfanonin tarakta ba sa zama a kan launi ɗaya, ko da sunan launin bai canja ba. Lokacin da aka ƙera ta Direba, ana zuba dalma a cikin jan fenti, ita take ba shi wannan ɗumi-ɗumin. Daga baya aka gane dalma tana cutar masu feshi da yara, aka hana. Da aka cire ta, jan ya koma wani ja. Sannan kamfanin nan an sayar da shi, waɗanda suka saya suna da nasu jan, suka ɗora. Bayan haka duk lokacin da suka fito da sabon samfuri sai su ɗan ƙara wa launin duhu ko ƙyalli, don mai tsohuwa ya ga ta maƙwabcinsa ya ji tasa ta tsufa, ya zo ya sayi sabuwa. Wani lokacin ma ba dabara ba ce, mai kawo musu fenti ne kawai ya canja. Ni a shagon nan na ga ja iri huɗu ko biyar, duk suna ɗaya, duk lamba ɗaya take kai ka gare su. Wanda ake yi yau shi na aiko miki.

Launin da kike nema an daina yin sa tun da daɗewa, babu shi a ko'ina. Shawarata ki shafa wanda ke hannunki. Yana da ƙarfi, ba ya koɗewa da wuri, babu mai lura da bambancin, kuma taraktar za ta fi daraja ranar da aka tashi sayarwa.

Zan ƙara duba ɓawon in na sami haske mai kyau.

Yayanki

*

Yaya,

Muna lafiya. Na karanta takardarka sau da yawa.

Ka ce babu mai lura. Ni ce mai lura. Ba don mutanen hanya nake yi ba.

Wa ya yi maka maganar sayarwa? Ƙannensa sun zo mini da ita tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, na ce a'a. In sun biyo ta wajenka ne, ka gaya musu amsar tana nan yadda take. Ban zaci zan ji ta daga bakinka ba.

Na gode da bayanin dalma da kamfani. Ni ban san waɗannan ba. Na dai san abin da idona ya saba gani.

Akwai mai feshin mota a bayan tasha. Ya zo ya duba, ya ce shi da ido yake haɗa launi, ba ruwansa da littafi. Gobe zai fara. Ba zan ƙara wahalar da kai ba.

Auta

*

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Direban motar kaya ya zo ya koma, ya sake zuwa, kullum hannunsa wayam. Na tambaye shi, ya ce shagon a buɗe yake amma bai gan ka ba. In fushi kake yi, kana da gaskiya. Na yi maka rubutu da zafin zuciya. Ka yafe mini.

Yaya, na yi ɓarna.

Ranar da mai feshi ya fara, na raka 'yata awon ciki asibiti, layi ya riƙe mu har la'asar. Na ce masa ya goge tsatsa. Ban ce masa ya bar sauran ba, ban san sai an faɗa ba. Ya zo da inji mai juyawa da mutum biyu. Da na dawo na tarar da ita toka-toka daga gaba har baya. Tsakar gida duk jan gari, kaji suna yawo a ciki. Na tafi wajen tayar dama da gudu da wannan gwiwar tawa. Mai feshin ya cike wurin hannun, ya shafe. Har yana nuna mini da alfahari. "Mama, wani rami na samu nan, na gyara miki shi, taɓa ki ji." Na taɓa. Aikinsa ya yi.

Washegari ya zo da ƙananan gwangwanaye, ya zauna a ƙarƙashin rumfa yana haɗawa yana shafawa a katako. "Wannan ne?" In ce a'a, ƙara ja. "Wannan fa?" In ce ya yi yawa. Ya cika katakon da ja kala-kala. Can ya ajiye sandar motsawa ya ce, "Mama, ki nuna mini wanda ya fi kusa." Na tsaya ina kallo. Yaya, ban sani ba. Da tana gabana na san ba su ba ne. Yanzu da babu ita, kowanne na kalla sai ya yi kama, in na ƙara kallo sai ya ƙi. Na rufe ido in hango kwanar tanki, sai toka nake gani.

Na share jan garin nan na tara a tsohon kwano, ban san me zan yi da shi ba. Ya gauraye da ƙasa da kashin kaji.

Abin da ya rage a duniya shi ne ɓawon da ke cikin kwalin ashana. Don Allah ka dawo mini da shi. Ko ba ka rubuta komai ba, ka ba direba kwalin. Hadari ya fara haɗuwa da yamma, ina ganin mijin 'yata yana ta kallon sama.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Ba fushi nake ba. An yi mini aikin yanar ido, ɗaya bayan ɗaya, aka hana ni karatu da shiga shago. Takardunki biyu suna ajiye a aljihun tebur, jiya na karanta su tare. Ido ya yi kyau, alhamdu lillahi. Har tsoro ya ba ni. Ashe bangon ɗakina fari ne, na daɗe ina ganinsa ruwan ƙwai. Allah kaɗai ya san irin launukan da na haɗa wa mutane a 'yan shekarun nan.

Ban san ƙannen Direba ba, ko a hanya muka haɗu ba zan gane su ba. Maganar sayarwa bakin ɗan kasuwa ne, ita nake gaya wa kowa har ta zame mini kamar sannu. Bai kamata in gaya miki ba. Ki yafe mini.

Yanzu ki zauna kafin ki karanta sauran.

A sana'armu, in an kawo samfurin fenti, abu na farko shi ne a goge fuskarsa da man gogewa, don abin da rana ta ƙona ya tafi, launin gaskiya ya fito. Hannuna ya yi haka tun ranar da kwalin ya zo, ban ko yi tunani ba. Fuskar da kika aiko, mai kama da tsohon bulo, ita na goge. Da na ƙara dannawa ɓawon ya farfashe. Ga kwalin nan na ba direba, amma abin da kike nema ba ya ciki. Na kwana ina neman yadda zan faɗa miki, ban sami wata hanya ba sai wannan.

Da idona na yanzu na gane abin da ban gane ba da farko. Launin da kike nema ba kamfani ne ya yi shi ba, Auta. Kamfani ya yi nasa, sannan rana da ruwa da hannun Direba suka yi shekaru suna aiki a kai. Ko an ba ni tsohon gwangwani mai dalma, ba shi zai fito ba.

Abu ɗaya zan iya nuna miki. A gefen kujera akwai akwatin sifanu da aka ɗaure da noti. Masu feshi ragwaye ne, ba sa kwance shi. In ba a taɓa cire shi ba, a ƙarƙashinsa akwai fentin da rana ba ta taɓa gani ba tun ranar da aka ƙera ta. Ba shi kike nema ba, amma nasa ne. Ki duba. In kina so, ki gaya mini, zan haɗa miki mai kama da shi iya ƙoƙarina.

Yayanki,
Mai Fenti

*

Yaya,

Alhamdu lillahi da ido ya buɗe. Ka bi dokar likita, kada ka koma cikin warin fenti da wuri. Gwiwa tana nan, ta saba da ni na saba da ita. 'Yata ta yi nauyi, tana gaishe ka.

Kwalin ya iso. Na buɗe sau ɗaya na rufe. Babu abin yafewa. Kai ka goge naka ɗan ƙarami, ni na sa an goge duka. Dukanmu gyara muke so mu yi.

Mun kwance akwatin. Notin sun ci tsatsa, mijin 'yata ya zuba musu baƙin mai, ya bari suka jiƙa, sannan suka yarda. Da ya ɗaga, sai ya ce, "Mama, zo ki gani, wannan ai ba ja ba ne."

Wuri ne kamar faɗin littafi, a tsakiyar toka. Launin ruwan lemo, Yaya. Mai haske, yana ƙyalli kamar jiya aka shafa. Na ce wannan ba nata ba ne, ban taɓa ganinta haka ba. Sai kuma na ga na taɓa gani.

Ranar da ƙungiya ta karɓo ta, ya biyo da ita ta ƙofar gida don in gani, alhali an ce ya wuce da ita ofis kai tsaye. Ina da cikin 'yata, ina shanya. Kujerar ma da ledarta. Na ce, "Wannan lemo ka kawo mana ko mota?" Ya leƙo daga sama ya ce, "Tooo, kawo wuƙa mu ɓare." Yadda yake jan "to" ɗin nan, da 'yar shaƙewar da ke ƙarshen dariyarsa. Na ji shi, Yaya. Ba tunawa na yi ba, ji na yi, kamar yana saman kujerar. Na riƙe taya. Mijin 'yata yaron kirki ne, ya ce zai je ya sha ruwa, bai dawo ba sai da na kira shi.

Ban san yaushe ta tashi daga lemo ta koma bulo ba. Kullum ina kallonta, ban ga ranar da ta canja ba. Shi ma haka ya yi furfura a gabana.

Kada ka haɗa komai. Na yi tunani, in aka shafe ta duka da ruwan lemo, idona zai saba, wata rana in kalla in ji shiru. Kuma ruwa ya sauka, gonakin mutane ba za su jira ni ba. Na sa mai feshi ya fesa jan da ka aiko tun farko. Na tsaya a kansa wannan karon. Mun mayar da akwatin kafin ya fara, na ce ko yatsa kada ya sa a wurin. Ya ce, "Mama, ko kin ce in kwance ba zan kwance ba, aiki ne." Ka ga gaskiyarka game da su.

Ta yi kyau. Kowa ya faɗa. Jiya ta fita aikinta na farko. Da yamma na ɗauki kujerata na zauna a ƙofa ina tsince wake. Wata jar tarakta ta fito daga kwanar tanki, na ɗaga kai na kalle ta, na ci gaba da tsince wakena. Sai da ta tsaya a gabana mijin 'yata ya kashe inji, sannan na san tamu ce. Ban ɗora ruwa ba. Matarsa ta riga ta ɗora.

Ka ce wannan jan ba ya koɗewa da wuri. To, ba zan ga tsufansa ba ke nan. Jikan da ke tafe shi zai sani, shi zai riƙa hangowa daga ƙofa, wata rana ya rantse babu ja sai shi.

Na shafa wa notin mai don kada su ƙara kamawa. Sifanar da ta yi daidai da su na cire ta daga akwatin, tana ƙarƙashin matashina. Mijin 'yata ya neme ta da safe, na ce ya sayi wata. Ba zan riƙa buɗewa kullum ba, kada rana ta gani. Sai ranar da muryar ta sake ɓace mini.

In ido ya ƙara ƙarfi ka zo ka gan mu. Zan buɗe maka sau ɗaya, a inuwa.

Ƙanwarka,
Auta